Yadda ake biyan kuɗin cefane da katin EBT a kantunan Amurka

Duk wanda aka amince masa da tallafin abinci na gwamnatin Amurka, wato SNAP, ba kuɗi ake danƙa masa a hannu ba. Kati ake ba shi mai suna EBT, kuma kowane wata gwamnatin jiha tana zuba masa rabonsa a ciki. Shirin ya daɗe. Tun 1964 aka kafa dokarsa a zamanin shugaba Lyndon Johnson, lokacin da takardu ake rabawa, shi ya sa har gobe za ka ji dattawanmu na unguwannin Bronx da Harlem a birnin New York suna kiransa fud-stam. Zuwa 2004 duk jihohi sun koma kati, a 2008 kuma aka sauya sunan zuwa SNAP. Wajen mutum miliyan 40 ne ke cin abinci da shi a ƙasar, farare da baƙaƙe, 'yan ƙasa da baƙin da doka ta yarje musu. Na faɗi wannan adadi ne don wanda yake jin nauyin fito da katin a gaban jama'a ya san cewa mai karɓar kuɗi a kanti tana ganin irinsa daga safe har dare.

Abin da ke ba sabon zuwa kunya a bakin na'ura kusan kullum ba ƙarancin Turanci ba ne. Rashin sanin abin da katin zai biya da wanda ba zai biya ba ne, da kuma rashin sanin nawa ya rage a ciki. Duka biyun tun daga gida ake magance su.

Kafin ka bar gida

Idan katin sabo ne, sai ka fara zaɓar lambar sirri mai lamba huɗu, ta hanyar kiran lambar wayar da ke bayan katin. Kada ka zaɓi shekarar haihuwarka, ko 1234, ko lambar gidanku. Kada kuma ka rubuta ta a jikin katin ko a takardar da ke cikin jaka ɗaya da shi.

Sunan katin da launinsa sun bambanta daga jiha zuwa jiha. A Pennsylvania ana ce masa ACCESS, a Texas Lone Star, a Illinois Link, a Maryland Independence, a Ohio kuma Direction. Aikinsu ɗaya ne, kuma katin kowace jiha yana aiki a sauran jihohin. Wanda ya tashi daga New York zuwa biki a Atlanta zai iya cefane da katinsa a can. A wajen Amurka ne ba ya aiki.

Sai ka duba abin da ke cikin katin. Hanya mafi sauƙi ita ce rasit ɗin sayayyarka ta ƙarshe, domin a ƙasansa ake buga abin da ya rage. Kana iya kiran lambar bayan katin, ko ka sauke manhajar da jiharku ke amfani da ita. Wasu jihohi ebtEDGE suke amfani da ita, wasu ConnectEBT. Ka san ranar da kuɗinka ke shiga. Ba ranar ɗaya ga wata ake zuba wa kowa ba. Yawancin jihohi suna rarraba ranakun ne bisa lambar fayil ɗin mutum ko harafin farko na sunansa, saboda haka shigar kuɗin maƙwabcinka ba ta nuna naka ya shiga.

Wani abin lura: kati ɗaya yana iya ɗaukar asusu biyu. Akwai na abinci, wato SNAP, akwai kuma na tsabar kuɗi ga iyalan da ke karɓar tallafin kuɗi. Na tsabar kuɗin ana iya cire shi a ATM a sayi sabulu ko kayan yara da shi. Na abinci ba ya fita a matsayin kuɗi ta kowace hanya. Idan SNAP kaɗai aka ba ka, asusun kuɗin babu komai a cikinsa.

Wane kanti

Ba kowane shago ke karɓar katin ba, sai wanda ma'aikatar noma ta Amurka, USDA, ta ba izini. Manyan kantuna irin su Walmart, Aldi, ShopRite, Kroger da Costco suna karɓa, sai dai a Costco katin ba ya biyan kuɗin zama mamba. Da yawa daga cikin ƙananan shagunan unguwa da shagunan kayan Afirka da na naman halal ma suna karɓa, kuma za ka ga an manna takarda a ƙofa mai cewa ana karɓar EBT ko SNAP. In ba ka gani ba, ka tambaya kafin ka cika kwando. A shafin intanet na USDA akwai taswirar da za ka sa lambar unguwarka ta nuna maka kantunan da ke kusa.

Abin da katin ke biya, da inda ake yawan tuntuɓe

Ƙa'idar a taƙaice ita ce: abincin da za a kai gida a ci. Shinkafa, gero, garin masara, garin rogo, doya, wake, manja, man gyaɗa, nama, kaza, kifi, ƙwai, madara, burodi, kayan lambu, 'ya'yan itace, kayan yaji, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, dabino, zuma, ganyen shayi, sukari, duk suna shiga. Madarar jarirai ta gwangwani tana shiga. Har irin shuka da dashen tumatir ko barkono suna shiga, tunda abinci za su haifar.

Waɗanda ba sa shiga su ne giya, taba, magunguna, abincin dabbobi, da duk abin da ba a ci: sabulu, omo, man shafawa, man goge baki, takardar banɗaki, kunzugun jarirai, gawayi, turaren wuta, tukunya. A shagon kayan Afirka a nan ake yawan ruɗewa, domin man kaɗanya na shafawa da sabulun salo suna jere kusa da gari da manja, mutum ya kwaso su tare.

Wurare uku ne suka cancanci a tsaya a kansu.

Na farko, abinci mai zafi. Duk abin da ake sayarwa da zafinsa don a ci nan take, katin ba ya biya. Gasasshiyar kazar da ke juyawa a cikin gilashi ba ta shiga, amma ɗanyar kaza tana shiga, kuma ita gasasshiyar idan kantin ya sanyaya ta ya sa a firji tana shiga. Mutane da yawa suna ganin wannan doka ba ta yi wa mai aikin dare adalci ba, wanda zai dawo gida a gajiye ba shi da ƙarfin ɗora tukunya, kuma ni ma ra'ayina ke nan. Amma haka dokar take. Akwai sassauci a wasu jihohi, irin su California, Arizona da New York, inda masu shekara 60 zuwa sama, da masu naƙasa, da marasa matsuguni za su iya cin abinci da katin a wasu gidajen abinci da aka tantance. Haka kuma bayan bala'i kamar guguwa, gwamnati takan ɗage dokar na ɗan lokaci a yankin da abin ya shafa.

Na biyu, abubuwan ƙarin lafiya. Juya kwalbar ka dubi bayanta. Idan an rubuta "Nutrition Facts" a saman jadawalin, abinci ne a idon doka, katin zai biya. Idan "Supplement Facts" aka rubuta, ba zai biya ba. Wannan ya shafi abubuwan da muke yawan saye: man habbatus sauda, garin zogale, wasu nau'o'in shayin ganye, da lemukan ƙara kuzari. Kwalba biyu na abu iri ɗaya za su iya zama kusa da juna, ɗaya ta shiga ɗaya ta ƙi, saboda rubutun bayansu kawai.

Na uku, dabba mai rai. Katin ba ya sayen dabbar da za ka tafi da ita da ranta. Amma idan wurin yankan kaji ko awaki yana da izinin karɓar SNAP, kuma a nan za a yanka a gyara kafin a miƙo maka, nama ka saya, katin zai biya. Wannan yana da amfani ga masu zuwa wuraren yankan halal na Bronx da Queens. Ka tambayi mai wurin tun kafin a sa wuƙa.

Katin bai san halal da haram ba. Zai biya naman alade kamar yadda zai biya na rago, saboda haka karanta jerin abubuwan da aka haɗa abinci da su yana wuyanka, musamman alawa mai danƙo da biskit da wasu nau'o'in wake na gwangwani da ake sa wa kitsen alade.

Akwai kuma sabon sauyi. A 2025 gwamnatin tarayya ta fara ba wasu jihohi izinin cire lemun kwalba, wasu har da alawa, daga abin da SNAP ke biya, farawa daga 2026. Nebraska, Indiana da Iowa suna cikin na farko. Jerin kowace jiha daban yake, don haka abin da ya shiga a New York zai iya ƙin shiga a Indianapolis ta jihar Indiana.

A bakin na'ura

Tun kana cikin kanti ka ware kayanka gida biyu a cikin keken: abinci a gefe, sauran kaya a gefe. A manyan kantuna kwamfuta ce ke rarrabewa da kanta, ba dole sai ka ware ba. Duk da haka warewar tana sa ka san kusan nawa za ka fitar daga aljihu. A ƙananan shaguna kuwa dole ne, domin mai shagon da hannu yake buga jimillar abinci a na'urar katin.

Idan mai karɓar kuɗi ta gama lissafa kayan, ka ce mata "EBT". Kalmar nan ta wadatar. Sai ka goga katin a gefen na'urar, baƙin layin da ke bayansa yana fuskantar inda hoton na'urar ya nuna. Yawancin katunan EBT har yanzu gogawa ake yi, ba a cusa su kamar katin banki, ko da yake California ta fara raba masu ƙwayar lantarki a 2025 kuma wasu jihohi suna biye.

Na'urar za ta tambaye ka wane asusu. Ka taɓa "EBT Food" ko "SNAP", wani wurin "Food Stamps" ake rubutawa. Idan ka taɓa "EBT Cash" alhali ba ka da tallafin kuɗi, za ta ƙi, mutum ya ɗauka katinsa ne ya lalace.

Kafin ka sa lambar sirri, dubi adadin da ke kan allo. Sannan ka rufe madannan da tafin hannu ɗaya, ka danna lambobin da ɗayan. Kai za ka danna da kanka. Kada ka faɗa wa mai kanti lambar ya danna maka, ko da ɗan garinku ne, ko da layi ya yi tsawo. Idan ka yi kuskure sau uku ko huɗu a jere, ya danganta da jiha, katin zai kulle, galibi har zuwa tsakar dare. In ka ga ka yi kuskure sau biyu, dakata, ka koma gefe ka kira lambar bayan katin ka sauya lambar sirrin.

Bayan katin ya biya nasa, abin da ya saura zai fito a allo, sai ka biya da tsabar kuɗi ko katin banki. Misali, a ce kayanka sun kama dala 86. Shinkafa, mai, kaza, madara da albasa sun ci dala 71, omo da kunzugu kuma dala 15. Katin zai ɗauki 71, kai ka cika 15.

To idan abin da ke cikin katin dala 60 ne kawai fa? A wasu kantuna na'urar za ta kwashe 60 ɗin ta nemi cikon 26. A wasu kuma za ta ƙi gaba ɗaya ta ce kuɗi bai isa ba. A nan sanin abin da ya rage ke da rana. Ka ce wa mai karɓar kuɗin ta cire dala 60 daga EBT, sauran za ka biya daban, ko kuma ka nuna mata kayan da za a mayar. Wannan abu ne da suke yi kullum, ba sabon abu ba ne a wurinsu.

A na'urorin da mutum ke lissafa wa kansa kaya, tsarin ɗaya ne: ka gama nuna wa na'ura kayan, ka taɓa wurin biya, ka zaɓi EBT, ka goga, ka sa lamba. Katin EBT ake fara gogawa kafin na banki. In ka fara da na banki, zai biya komai har da abincin.

Ke kuma 'yar'uwa mai juna biyu ko mai goyo ko mai yaro ƙasa da shekara biyar, idan kina da katin WIC, wato wani tallafin abinci na daban na mata da ƙananan yara, shi za ki fara gogawa, sannan EBT, sannan kuɗin aljihu. Dalili shi ne WIC kaya ƙayyadaddu yake biya, irin su madara, ƙwai, wake, man gyaɗa na shafa wa burodi da hatsin karin kumallo, kuma abin da ba ki karɓa ba a cikin watan ya wuce ke nan. Idan kika fara da EBT zai cinye kuɗin madarar da WIC zai ba ki, kin yi asara ta fuska biyu. Kuɗin SNAP kuwa yana tsallakawa zuwa wata mai zuwa, sai dai idan aka bar katin wata tara ba a taɓa shi ba, jiha za ta fara janye abin da ke ciki.

Ka karɓi rasit, ka duba shi kafin ka fita ƙofa.

Haƙƙoƙinka a wurin

Ba a ɗora harajin sayayya a kan abin da SNAP ya biya. Kanti ba shi da ikon cewa sai ka sayi kayan dala 5 ko 10 kafin ya karɓi katin, kuma ba shi da ikon ƙara maka wani kuɗi don ka biya da shi. Ba za a ware maka layi daban ba, ba za a sayar maka a farashi daban ba. Duk wani ɗan gidan da ya san lambar sirri zai iya zuwa cefane da katin, ko da sunan maigida ne a jiki, kuma ba a neman katin shaida daga mai EBT in ba ana neman sa daga kowa ba. Rangwamen kanti da katin mamba na kanti duk suna aiki tare da EBT.

SNAP ba ya biyan kuɗin jakar zuba kaya. A birnin New York an yafe wa masu SNAP da WIC senti 5 da ake karɓa na jakar takarda. A wasu wuraren sai ka biya, don haka riƙe jakarka daga gida ya fi.

Idan ka mayar da kaya, kuɗin cikin katin zai koma, ba za a ba ka a hannu ba. Idan kuma na'ura ta cire maka kuɗi sau biyu, ko ta cire alhali sayayyar ba ta tafi ba, ka kira lambar bayan katin da rasit a hannunka. Kwana 90 doka ta ba ka ka kai ƙorafi, amma kiran ranar da abin ya faru ya fi saurin warwarewa.

Abubuwan da muka saba da su a gida, amma nan laifi ne

Wannan sashe shi na fi so a karanta da kyau, domin mutanen kirki ne ke faɗawa ciki ba da mugun nufi ba.

Cin bashi a shago. A Kano ko Maraɗi ko Kumasi, mai shago ya rubuta ka a littafi ka biya ƙarshen wata, mutunci ne. A nan, ka ɗauki kaya yau ka zo ka goga katin EBT ranar da kuɗi ya shiga, doka ta hana, kuma mai shagon zai iya rasa izininsa. Haka barin katin da lambar sirri a hannun mai shago.

Musanya da kuɗi. Wani zai ce ka goga masa dala 100 ya ba ka 50 ko 60 a hannu, a daidai lokacin da kuɗin haya ya matse ka. Kwamfutocin gwamnati suna bibiyar yadda kowane shago ke goga katuna, kuma irin wannan ciniki yana da alamomin da suke ganewa. Hukuncin karya doka da gangan shi ne dakatarwa ta wata 12 a karon farko, wata 24 a karo na biyu, na uku kuma har abada. Wanda aka kama ya sayar da tallafin dala 500 ko fiye, tun karon farko ake cire shi har abada, ban da biyan abin da ya ci, kuma ga wanda ba ɗan ƙasa ba shari'ar zamba tana iya taɓa takardun zamansa.

Sayen kaya don sana'a ko don aikawa gida. Abincin SNAP na mutanen gidan da aka rubuta a fayil ne. Sayen fulawa da mai da katin don yin fanke ko waina ta sayarwa a bakin masallaci ya saɓa wa doka. Haka cika ganga da shinkafa da madara a aika wa dangi a jirgin ruwa. Son taimakon na gida abu ne mai kyau, sai dai a yi shi da kuɗin albashi.

Ɓarayin kati

Tun wajen 2022 satar kuɗin EBT ta yi ƙamari. Ɓarayi suna ɗora wata fuska ta bogi a kan na'urar kanti, ta kwafe bayanan katin da lambar sirri, sannan su jira daren da kuɗi zai shiga su kwashe shi a wata jiha kafin gari ya waye. Daga Oktoba 2022 zuwa 20 ga Disamba 2024 gwamnatin tarayya tana mayar wa waɗanda aka yi wa irin wannan sata kuɗinsu. Wannan tsari ya ƙare. A yawancin jihohi yanzu abin da aka sace ya tafi, iyali su ƙarasa watan da hannu wofi.

Saboda haka kafin ka goga, ɗan girgiza saman na'urar da madannanta. In ka ji suna motsi ko sun yi kauri fiye da na sauran layuka, koma wani layin ka gaya wa manaja. Ka riƙa sauya lambar sirri kowane wata, kwana ɗaya kafin kuɗi ya shiga. Idan manhajar jiharku tana ba da damar kulle kati, ka bar shi a kulle, ka buɗe shi kana kan layi, ka sake kullewa da ka karɓi rasit. A ebtEDGE akwai kuma wurin hana amfani da katin a wata jiha ko a intanet. Kunna shi in ba tafiya za ka yi ba. Duk saƙon waya da ya ce an rufe katinka ka aiko da lambarsa da lambar sirri, na ɓarayi ne. Ofishin tallafi ba ya tambayar lambar sirri. Idan katin ya ɓace, kira nan take a soke shi a aiko da sabo.

Saye ta intanet da kasuwar manoma

A Afrilu 2019 aka fara gwajin sayen abinci da SNAP ta intanet a jihar New York, yanzu kuma ya bazu ko'ina a ƙasar. A Amazon, Walmart da wasu kantunan da ke Instacart, manhajar kawo cefane gida, za ka shigar da lambar katin a asusunka, ka sa lambar sirri lokacin biya. SNAP ba ya biyan kuɗin kawo kaya ko tukuicin direba, sai ka haɗa da katin banki.

Kasuwar manoma kuwa ita ce inda katin ya fi auki, kuma mutanenmu ba su cika zuwa ba. A can ba kowane manomi ke da na'ura ba. Ka nemi rumfar masu kula da kasuwar, ka faɗi nawa kake so a cire, su goga katin su ba ka 'yan kwabbai na katako ko takardu, da su za ka biya masu kaya. A birnin New York, duk dala 2 da ka kashe da EBT a kasuwar manoma ana ƙara maka takardar Health Bucks ta dala 2, har zuwa dala 10 a rana, don sayen kayan lambu da 'ya'yan itace. A Michigan da wasu jihohi da dama shirin Double Up Food Bucks, wanda ya faro a Detroit a 2009, yana yin irin wannan ninkawa, har a wasu kantuna. Daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, lokacin da tumatir da kuɓewa da attaruhu suka cika kasuwa, dala 10 daga katin tana kawo kayan miya na dala 20, a markaɗa a zuba a firiza don hunturu. Ragowar kwabban da ba ka kashe ba ba a mayar da su kuɗi, ka adana su zuwa mako mai zuwa, kuma ka tambayi masu rumfar ranar da takardun ƙarin ke daina aiki.